Makarantar Kwamfutar Da Ban Taɓa Shiga Ba

Salamu alaikum, 'yan uwa masu bin labarina. Na ga saƙonninku gaba ɗaya, har da na baiwar Allahn da ta rubuto "wai ke mutuwa kika yi ne?" Ban mutu ba, 'yar uwa, kunya ce ta riƙe min hannu har sati biyu. Abin da zan ba ku yau sau uku ina rubuta shi ina gogewa. Wanda yau ya fara shigowa ya matso kusa, zan ɗan koma baya saboda shi.

Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu. Babanmu ya rasu tun ina aji uku a firamare, yanzu daga ni sai Mama a gidan. Yayata tana da aure, kuma tana da shagon ɗinki a bakin layinmu: keke uku, teburin yanka, da wani madubi mai tsaga a gefe wanda ta ƙi canzawa. A nan nake aiki. Ni ce mai guga, ni ce mai sa maɓalli, ni ce kuma mai ba mata haƙuri in sun zo kayansu ba su kammala ba, wanda shi ne aikin da ya fi kowanne yawa.

A gida Kumatu ake ce min. Tun ina goye aka laƙaba min, wai ko ta baya aka hango ni sai an ga kumatuna. Ba wanda ya yi da mugunta, na sani. Amma ina shekara goma sha shida, wata rana Yaya tana auna ni shago cike da mata, ta faɗi awon ƙuguna da ƙarfi don mai rubutawa ta ji. Sai Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta tafa hannu ta ce, "Wannan in ta ƙara shekara biyu ai sai dai a yanka mata labule!" Kowa ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da riƙe ciki. Da na koma gida na ce wa Mama na ƙoshi.

Daga nan aka fara. Sai in wuni ban sa komai a bakina ba sai ruwa, ina jin kaina wata jaruma. In yunwa ta kai ni bango, sai in faki idon Mama da rana lokacin da ta shiga maƙwabta, in shige sito in ja ƙofa. Abin da hannuna ya faɗa kai shi zan ci, a tsaye, da sauri, ba ɗanɗano nake ji ba, ba kuma ƙoshi nake nema ba. Sai numfashina ya nemi tsayawa nake dainawa. Sannan kunya ta rufe ni, in tafi banɗaki in dawo da duk abin da na ci. In wanke fuska, in shafa hoda, in koma shago ina yi wa mata murmushi. Shekara takwas ina haka, jama'a. Ban rame ba, ban yi ƙiba ba, shi ya sa ba wanda ya zargi komai. Mama ta yanke hukunci gyambon ciki ne, ta yi ta sayo min magani mai ɗanɗanon alli.

Ranar da asirina ya tonu ina kan guga ne. Na ga bango yana juyawa, daga nan sai farkawa na yi a gadon asibiti da ƙuna a hannu, Yaya na tsaye a kaina ido jawur. Likitan da ya duba ni dattijo ne. Ya karanta sakamakon jinina, ya haska bakina ya daɗe yana kallon haƙorana da maƙogwarona, sai ya ce wa Yaya ta ɗan ba mu wuri. Ya ja kujera ya zauna, ba faɗa ba tsawa, ya ce, "'Yata, tun yaushe kike amayar da abinci?" Wallahi na shirya ƙarya, ta zo har bakina, sai kuka ya riga ta fita. Shi ya tura ni hawa na biyu, wurin likitar da ke duba damuwa da tunani, duk Talata ƙarfe biyu.

Ina jin kunyar faɗa muku abin da na zata zan tarar, don sarƙa da allura na sa a raina. Abin da na tarar kujera biyu ne, da tukunyar fure a taga, da wata gajeriyar mata mai tabarau rataye da igiya a wuya, tana shan ruwa a wata tsohuwar gorar ƙarfe duk ta lotse. Likita kawai nake ce mata. Ranar farko ta bar ni na yi kuka na ƙoshi, sannan ta ce:

"Abin da ke damunki sananne ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Ba kwaɗayi ba ne, ba sangarta ba ce, ba kuma raunin imani ba. Larura ce. Akwai masu hana kansu abinci har ƙashi ya fito, amma in sun kalli madubi ƙiba suke gani. Akwai irinki, a ci da yawa a ruɗe sannan a fitar. Akwai masu cin da ba sa iya tsayawa, ba sa fitarwa, sai dai su zauna da baƙin cikinsu su kaɗai. Maza ma suna yi, manya ma suna yi. Kuma ana samun sauƙi."

Na ce, "To wane magani za ki ba ni?"

Ta ce, "Abinci. A kan lokaci."

Na kalle ta kamar ta zage ni. Ta yi dariya, ta bayyana min cewa wunin yunwar nan da nake taƙama da shi, shi ne yake tura ni sito. Ta tsara min ci sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani, ta sa na saita ƙararrawa a waya. Ta ba ni ƙaramin littafi in riƙa rubuta abin da na ci, da inda na ci, da abin da ke raina a lokacin. A littafin nan na gano ba yunwa kaɗai ke kai ni ba. Duk ranar da wani ya taɓa maganar jikina, ko Mama ta yi fushi da ni, ranar sai na faɗa sito. Ta koya min in daina gaskata muryar nan da ke ce min "kin zama buhu", in tsayar da ita in tambaye ta ina shaidarta. Sannan ta kira Yaya ta roƙe ta abu uku: ta ɗauke sikelin da ke ƙarƙashin gadona, ta daina faɗin awona da baki, kuma duk na gama cin abinci ta zauna da ni rabin awa, don a lokacin ne zuciyata ke jana zuwa banɗaki.

Allah ya saka wa Yaya da alheri, ba ni da bakin gode mata. Matar da ba ta iya minti biyar ba ta taka keke ba, ita ce ke ajiye ɗinkin mutane ta zube min gwangwanin maɓallai a gaba ta ce, "Ware min farare daga baƙaƙe." Sai daga baya na gane in na tashi da gangan take sake haɗe su. Mama kuwa sau biyu Likita na aika mata ta zo, ta ce ita ƙafarta ba za ta taka "ɓangaren masu taɓin hankali" ba. Ba ƙina take yi ba, kada ku zage min uwa a zuci. Bakin mutane take tsoro fiye da komai.

Ana cikin haka sai ga Mai Burodi.

Gidan burodi gare shi a mahaɗar titi, ya zo shago a ɗinka wa ma'aikatansa rigunan aiki guda shida. Dogo ne mai sanyin magana, da ɗan farin fulawa a bayan kunne wanda har yau ban ga ranar da ya fita ba. Riga shida, amma sau tara ya zo. Yau ya manta launin zare, gobe yana so a ƙara aljihu. Yaya ce ta gaji ta ce, "Malam, in aljihu kake so mun sa. In ƙanwata kake so, gidanmu na nan ciki, mai koriyar ƙofa." Ya sunkuyar da kai har sai da na tausaya masa.

Mutumin nan bai iya kalaman soyayya ba ko kaɗan. In ya zo wurina sai ya yi ta murza makullin mota, ya tambayi lafiyar Mama sau uku. Amma kusan kullum sai kwali ya iso gidanmu da ɗuminsa: kek, biskit, burodi mai madara, da wani abu mai kwakwa da ya ce saboda ni ya ƙirƙiro shi. Bayan kwali sai saƙo:

"Ranki ya daɗe, kin ɗanɗana? Sukari bai yi yawa ba?"

Ni kuma in rubuta: "Ya yi daɗi sosai, Allah ya ƙara buɗi."

Ku da kuka karanta abin da na faɗa a sama kun san abin da kwalin kek yake nufi a hannun mace irina. Yaya ta riƙa tare shi a hanya tana raba wa maƙwabta, har matan layi suka fara yi min wata gaisuwa ta musamman. Amma sau biyu kwalin ya same ni ni kaɗai a gida, kuma sau biyun na faɗi. Na rubuta a littafi, na kai wa Likita ina jiran ta ce na ɓata mata aiki. Cewa ta yi, "Zamewa kika yi, ba farko kika koma ba. Zo mu duba me ya faru kafin kwalin ya zo."

Ƙaryar kwamfuta kuwa ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wata Talata ya zo bai same ni ba, Mama ta ce masa, "Ta tafi makarantar kwamfuta." Da na dawo ta shaida min tana kallon gefe. Bawan Allah ya yi murna sai ka ce shi aka ba gurbin karatu, ya ce daga yau shi zai riƙa kai ni. Akwai wata makarantar kwamfuta a saman wani shagon magani, tafiyar minti goma zuwa asibiti, ita na nuna masa. Duk Talata sai ya sauke ni, in hau matakala uku, in laɓe bayan allon tallarsu har motarsa ta sha kwana, sannan in sauko in bi ta bayan kasuwa da sauri. Ƙarfe huɗu in dawo in tsaya a wurin ya ɗauke ni. Wata uku muna haka, har ya koma kirana Malama. Mai gadin wurin ya daina amsa gaisuwata, ina jin ya ɗauka 'yar leƙen asiri ce.

To, sati biyu da suka wuce abubuwa suka haɗe min. Manyansa suka aiko za su zo ƙarshen wata a yi maganar aure. Ranar Asabar Mama ta kira ni ɗakinta, tana ninke kaya a kan gado, ta ce in rufe ƙofa.

"Zuwa wurin matar nan ya isa haka."

"Mama, ta ce da saura."

"Saura me? Ba kina cin abinci ba? Dube ki, masha Allah, kin ciko, kin yi fes."

Jama'a, "kin ciko" ɗin nan yabo ne a bakin Mama, amma ni sai na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Nan take rigata ta matse ni, rigar da da safe take min daidai.

Ta ci gaba, "In wani ya gan ki kina shiga can ya kai wa danginsa fa? Ba za su ce ciwon abinci ba, cewa za su yi mahaukaciya aka ba ɗansu. Ni na raine ki ba uba. Ba zan zauna in ga an mayar min da ke abin nuni ba."

Na ga idonta ya kawo ruwa. Ina fitowa wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Malama, ina da roƙo. Ina so in canza takardar da muke liƙawa a ledar burodi. Tunda Allah ya ba ni gwana, me zai kai ni wurin wasu? Ki tsara min da hannunki, ko yaya ta fito ita zan buga."

Ni da ko kunna kwamfuta sai an nuna min! Na kai wa Yaya wayar a shago, ta karanta, ta yi dariya har ta soke yatsa da allura. Da ta ga ni ba dariya nake ba ta ce, "To mu kai wa masu shagon buga takardu su yi, ki ce ke kika yi." Mama da ta ji shawarar ta sa wa Yaya albarka, ta ce ai magana ta ƙare.

Ni kuwa ban ga ta ƙare ba. Ranar Litinin da azahar kwali ya iso, Mama ta tafi dubiya, Yaya na shago. Na ɗauke shi, ƙafata da kanta ta kai ni ƙofar sito. Ɗuminsa na ratsa tafin hannuna, muryar nan na cewa "yau kaɗai". Ban san minti nawa na yi a tsaye ba. Can na ajiye shi a ƙasa, na fita tsakar gida, na kira Yaya na ce, "Zo." Ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba, da tef ɗin awo a wuya ta shigo. Ta zauna da ni a bakin ƙofa har abin ya lafa, don Likita ta ce yana lafawa in an jira shi.

A zaman nan ne na tuna ranar da na roƙi Likita ta zaɓa min, in gaya masa ko in yi shiru. Ta ce ba ita za ta zauna a gidan ba, don haka ba ita za ta zaɓa ba. "Amma ciwon nan a ɓoye yake samun ƙarfi. Ki tambayi kanki, a gidan da za ki je, wa zai zauna da ke bayan kin ci abinci?" Na kalli Yaya. Gidan Mai Burodi yana can wata unguwa, mota biyu ake hawa. Can ba kwali ɗaya ba ne, gidan burodin ne sukutum, kuma ba Yaya, ba zuwa asibiti.

Na ce, "Gobe zan gaya masa."

Ta ce, "In ya gudu fa?"

"Ina sonsa, Yaya, shi ya sa nake tsoro. Amma in na shiga gidansa da ƙaryar nan, wata rana a banɗakinsa za a tsince ni."

Ta ja numfashi. "To kada ki gaya wa Mama sai kin dawo."

Talata ta yi. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, wadda Yaya ta ɗinka min ba tare da na ji awo ba, na yafa farin mayafi. Sau uku ina sa kwalli hannuna na ɓata shi, na haƙura na goge. Ƙarfe ɗaya da rabi ya danna ham a ƙofa. Farar motar rabon burodi ce, kullum sai ya shimfiɗa min wankakken tawul a kujera saboda fulawa. Shi da ba ya magana, ranar sai ga shi yana ta zuba, yana faɗa min launin da yake so a takardar, wai a sa hoton alkama a sama.

Muka iso shagon maganin, ya kunna sigina zai tsaya.

Na ce, "Wuce gaba."

"An canza muku wuri ne?"

"Wuce dai. In ka kai shatale-tale ka yi dama."

Ya bi. Muka wuce kasuwa, muka wuce gidan mai. Da muka zo ƙofar asibiti na ce ya tsaya ƙarƙashin bishiyar da ke tsallake. Ya kashe mota ya juyo, fuskarsa duk ta canza.

"Wa ba shi da lafiya? Mama ce?"

"Ni ce."

Ban kalle shi ba, hannun ƙofa na ƙura wa ido. Na ce masa ban taɓa shiga makarantar kwamfuta ba, ko launin ƙofarta ban sani ba. Na ba shi labarin sito, da banɗaki, da shekara takwas, da ƙunar hannuna da na ce masa tsautsayin guga ne kawai. Na gaya masa hawa na biyu nake zuwa, wurin likitar tunani, kuma ba zan daina ba ko an ɗaura aure, sai ranar da ta ce ya isa. Na ce, "In ka ga ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Amma gara ka ji daga bakina."

Can ya ce a hankali, "Kwalayen da nake aikowa fa?"

"Yawanci maƙwabta ne suka ci."

"Sauran fa?"

Kafin in amsa ya gane. Ya ɗora goshinsa a kan sitiyari ya daɗe a haka. Da ya ɗago agogon mota ya kalla, ba ni ba.

"Biyu saura minti biyar. Kada ki makara."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na buɗe ƙofa na fita, ban san yadda na tsallaka titin ba.

A wurin Likita na ƙarar da rabin kwalin tishu. Ba ta ce min zai dawo ba. Ba ta yin irin wannan lallashin, kuma shi ya sa na yarda da ita. Cewa ta yi, "Ko ya tsaya ko ya tafi, yau kin faɗi abin da kika ɓoye shekara takwas, da bakinki, ga wanda kike tsoron rasawa. To yanzu mu yi maganar yammacin nan. In kin fita ba ki gan shi ba, me za ki yi?" Muka tsara komai daki-daki, ta sa na rubuta.

Na fito. Ƙarƙashin bishiya mai sayar da lemo ne kawai da wata motar haya. Na duba waya, ba kira, ba saƙo. Na taka har makarantar kwamfuta ko can ya je bisa sabo. Mai gadi ne kaɗai, ya kalle ni ya kau da kai.

Ƙarfe huɗu ƙararrawar wayata ta buga, lokacin abin taɓawa ya yi. Abu biyu zuciyata ta kawo min: ko in kulle bakina kwana uku, ko in faɗa shagon farko in cinye rabinsa. Na buɗe littafi na karanta abin da muka rubuta. Na tsallaka na sayi ayaba biyu da ƙullin gyaɗa, na zauna a bencin masu jiran mota, na ci a hankali hawaye na zuba. Wata tsohuwa a gefena ta yi ta cewa, "Sai haƙuri, 'yar nan, Allah ya ji ƙan wanda ya rasu." Na ce amin, don ban da ƙarfin yi mata bayani. Na cinye, na zauna rabin awata ni kaɗai, ban je ko'ina ba.

Wallahi a duk wata bakwai da na yi ina jinya ban taɓa gode wa Allah irin na bencin nan ba. A ganina na rasa mutumin da nake so, zuciyata na ciwo, amma ban koma ba. Na gode wa dattijon da ya ja kujera ya tambaye ni, na gode wa Likita da gorarta, na gode wa Yaya. Ke kuma 'yar uwa, in kina karanta wannan kin ga kanki a ciki, ki nemi mutum ɗaya ki gaya masa, ku je asibiti. Ni ma a da na ɗauka da abin nan za a binne ni.

Na iso gida Mama na tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta ga na shigo ba ƙarar mota, ta ga idona.

"Ina yake?"

"Na gaya masa, Mama."

Ta ajiye farantin a hankali. Na zata za ta rufe ni da faɗa, kuma da faɗan ya fi min sauƙi. "Kin kyauta," kawai ta ce, ta tashi ta shige ɗaki. Yaya ta rufe shago da wuri ta zo ta ƙarasa tsintar shinkafar. Dab da magariba wayata ta yi haske. Na tura wa Yaya na ce ta duba, ta turo min ta ce ita ba da ita ake ba. Na buɗe.

"Ki yafe min na tafi ban ce komai ba. Ba gudunki na yi ba, kunyar kaina ce ta kore ni. Wata biyar ina aiko miki da abin da ke wahalar da ke, ina ta jin daɗi wai kyautata miki nake. Maganar ƙarshen wata tana nan, ba abin da ya taɓa ta. Amma kin san ban iya magana ba. Duk abin da na kasa faɗa miki a kwali nake sa shi, yanzu kuma ban san yadda zan yi ba. Don Allah ki tambayar min likitarki, mutum irina me zai riƙa kawowa?"

Sau biyu na karanta, na uku ban ga rubutun ba saboda hawaye. Yaya ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta dake ni a baya ta ce, "Tashi ki kai wa Mama."

Mama na zaune a bakin gado ko fitila ba ta kunna ba. Na durƙusa na miƙa mata wayar. Ta nisanta ta da fuskarta yadda take yi in ba tabarau, tana karantawa leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Sannan ta ja bakin zanenta ta share ido, ta miƙo min.

"Wannan ba tambayar aike ba ce. Ki ce masa ranar Talata ya je ya yi ta da bakinsa."

Na ce to. Na tashi zan fita, har na kama labule.

"Ke."

Na tsaya. Ba ta kalle ni ba, zanen gado take ta gyarawa inda bai ɓaci ba.

"Motar tasa, gaban yana ɗaukar mutum uku?"